Ɗana ba ya wuce "lafiya lau": yaya zan koya masa hira?

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku a Kaduna, kuma damuwata a kan babban ne, shekararsa 9. In aka yi baƙi zai zo ya durƙusa ya gaishe su, amma daga "ina wuni" sai "lafiya lau". Duk abin da aka tambaye shi "eh" ne ko "a'a", kansa a ƙasa, sai ya sulale. Kakarsa ta wajen uba tana Malumfashi, in ta kira na miƙa masa waya ba ya minti ɗaya zai dawo mini da ita, har ta fara cewa na raba ta da jikanta. In ya dawo na ce ya makaranta, lafiya. Me aka koya muku, ba komai. Ƙanwarsa kuwa mai shekara 6 kafin ya buɗe baki ta riga ta amsa masa. Abin da ke ɗaure mini kai, in yana wajen tattabarunsa da yaran maƙwabta har cikin ɗaki nake jiyo muryarsa. Babansu ya ce in ƙyale shi, kunya ce, kuma ita ake so ga yaro. Ranar sunan ɗan ƙanwata raina ya ɓaci na ce masa a gaban mutane "kai kurma ne?", tun daga nan ya ƙara shigewa. Ɗan fari ne, kin san al'ada, ban saba zama hira da shi ba. Ina tsoron ya girma miskili. Me zan yi?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya raya su, ya yi musu albarka.

A duk wasiƙarki babu abin da ya kwantar mini da hankali kamar zancen tattabarun nan. Yaron da ake jiyo muryarsa daga tsakar gida har cikin ɗaki yana da baki, yana da abin faɗa, kuma ya san daɗin a saurare shi. Abin da bai sani ba shi ne abin da ake yi da babba bayan an gama gaisuwa. Wannan kuwa koyarwa ake yi, kuma a shekara 9 lokaci bai ƙure ba ko kaɗan.

Ki duba yadda muke koya wa yara gaisuwa. "Je ka gaishe su." Ya je ya durƙusa, ya ce ina wuni. Daga nan babba ya karɓe zancen: ka wuni lafiya, ya makaranta, ya su Mama, ana dai karatu ko? Kowace tambaya da amsarta a shirye tun kafin a haife shi. Ina gajiya, ba gajiya. Ina labari, sai alheri. Ko wanda zazzaɓi ya kwantar, in aka ce ya jiki, da sauƙi zai ce. Don haka in kika tare shi a bakin ƙofa da "ya makaranta?", a kunnensa gaisuwa kika yi, shi kuma ya ba ki amsar gaisuwa. Darasin da aka ba shi ya haddace tsaf. Na gaba ne ba a ba shi ba, sai kuma muka zo muna jin haushin bai iya ba.

Kafin mu je ga yadda za ki yi, bari mu tsaya a kan maganar maigidanki, don in ba ku haɗa kai ba aikin ba zai yi nisa ba. Yana da gaskiya ta wani ɓangare. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya ce kunya ba ta zuwa da komai sai alheri. Kuma na san abin da yake gudu: yaro mai kauɗi, wanda zai tsoma baki a zancen manya, ya kwashi sirrin ɗaki ya kai waje. Ba uban da ke son haka. Amma ki nemi lokacin da ransa yake sake ki tuna masa wannan labari, shi ma yana cikin Bukhari. Wata rana Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai cewa a cikin itatuwa akwai wata wadda ganyenta ba ya zuba, misalinta kamar Musulmi ne, wace ce? Mutane suka shiga lissafa itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar, wanda shi ne ƙarami a wurin, ya ji a ransa dabino ce, amma ya ga manya irin su Abubakar da mahaifinsa ba su ce komai ba, sai kunya ta hana shi. Da aka gaza, Annabi (SAW) ya ce dabino ce. Bayan an tashi sai yaron ya gaya wa mahaifinsa abin da ya zo masa a rai. Umar (RA), duk da kwarjinin nan nasa, bai ce masa ka kyauta da ka yi shiru ba. Cewa ya yi: da ka faɗa, da ya fi mini kaza da kaza. Ki ce wa maigidan naki abin da kike nema ke nan, yaro mai ladabi wanda in an tambaye shi zai iya buɗe baki. Domin wanda ba ya iya magana da babba ba zai ce wa malami "ban gane ba", ba zai nuna wa likita inda ke masa ciwo ba, kuma in wani yana cutar da shi a ɓoye, Allah ya kiyaye, ba zai zo ya faɗa muku ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi tsaya mini a rai.

Sai zancen ɗan fari, wanda kika faɗa a ƙarshen wasiƙa kamar a wuce, ni kuwa ina ganin nan ne jijiyar take. Ba zan kushe alkunya ba. Amma ki tuna yadda gidan da aka yi wannan al'ada yake. Uwa tana kawar da kai daga ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban surukai, saboda akwai waɗanda suka ɗauke mata wannan nauyi. Kaka tana nan tana tsokanarsa, gwaggo tana goya shi, kawu yana jan sa kasuwa, wani lokaci ma riƙonsa gaba ɗaya ake ba wata a dangi. Da dare ga tatsuniya, ga dandali. Yaro ba ya rasa babban da zai yi hira da shi. Yanzu ke kina Kaduna, kaka tana Malumfashi, gida ku biyar ne. Mun riƙe kawar da kan, amma waɗanda suke cike gurbin ba sa nan. In ke ba ki yi hira da shi ba, babansa ya fita tun safe sai dare, to da wane babba zai koya? Ba na ce ki riƙa ƙwala masa kira da sunan yanka a gaban surukanki ba. Ki ci gaba da laƙabin da kika saba. Amma in ku biyu ne a ɗaki ko a kicin, ki sake da shi. Ba za ki rasa girma a idonsa ba.

Hira kamar luguden daka take: turmi ɗaya, taɓare biyu, wannan ta sauka waccan ta tashi, kowa yana sauraron bugun ɗan'uwansa kafin ya saki nasa. Wannan karɓa-karɓar ita ce abin koyo, ba yawan magana ba. A wani bincike da aka wallafa a 2018, wasu masana a jami'o'in MIT da Harvard a Amurka, ciki har da Rachel Romeo, sun ɗauki sautin abin da ake faɗa a gidajen yara 36 'yan shekara 4 zuwa 6, sannan suka duba ƙwaƙwalwarsu da na'ura yayin da suke sauraron labari. Yaran da aka fi yin "ka faɗa in faɗa" da su a gida, sashen ƙwaƙwalwarsu mai kula da harshe ya fi motsawa, kuma yawan karɓa-karɓar ya fi yawan kalmomin da manya suka zuba musu tasiri. Binciken ƙarami ne, amma ya dace da abin da ido ke gani. Akwai gidan da uwa ke wuni tana magana, tashi, zauna, ɗauko, ajiye, wa ya zubar da ruwan nan, amma a wunin nan kaf ba a yi hira da yaro ko sau ɗaya ba.

To ta ina za ki fara? Ta wajen tattabaru.

Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami da ake yi wa alkunya da Abu Umair, yana da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. In Annabi (SAW) ya zo gidansu ya gan shi sai ya ce: "Ya Abu Umair, me ɗan tsuntsu ya yi?" Ki lura da kyau. Shugaban al'umma ne, da duk abin da ke kansa, amma ya san abin da ke ran ƙaramin yaro, kuma ta nan ya shiga masa. Sannan tambayar ba ta amsuwa da eh ko a'a. Ke ma gobe da yamma ki ɗauki kujera 'yar tsugunno ki je inda yake ba su hatsi. Kada ki je da niyyar gyara shi. Ki je a matsayin wadda ba ta sani ba, don gaskiya a wannan fanni ya fi ki sani. Ki ce, "Wai ni kam ya ake gane macen da namijin? Duk iri ɗaya nake ganinsu." Ki yi shiru. In ya ce namijin ne ke kumbura wuya yana zagaya ta, kada ki ce "to madalla" ki tashi. Ki kama wutsiyar maganarsa: "Au, shi ya sa wancan mai toka-tokan ba ya zama? To wannan da ke kwance fa, ƙwai take kai?" Zai gaya miki ƙwai biyu suke yi, kuma macen da namijin karɓa-karɓa suke yi wajen kwanci, har kusan kwana 18 kafin su ƙyanƙyashe. Ko da kin sani, bari shi ya faɗa. Yaron da ya ga babba ya ƙaru da shi, gobe da kansa zai kawo labari.

Shirun da na ce ki yi bayan tambaya, ki riƙe shi da muhimmanci, don nan yawancinmu muke faɗuwa. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna wannan a azuzuwa a shekarun 1970. Ta tarar malami in ya yi tambaya kusan daƙiƙa 1 kawai yake jira kafin ya maimaita ko ya wuce ga wani. Da aka sa malamai su jira daƙiƙa 3 ko fiye, sai amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana a da suka fara ɗaga hannu. Irin ɗanki sai ya juya magana a ransa kafin ya fitar. In kika tambaya, ki ƙirga biyar a zuci. Za ki ji shirun ya yi miki tsawo, bakinki yana ƙaiƙayin cike shi da "ba da kai nake ba?" Ki daure.

Zancen makaranta kuma, ki daina tarar sa da shi a bakin ƙofa. Ya kwaso rana da yunwa, bari ya ci abinci ya huta. Sannan ki jawo shi wani aikin hannu, tsintar wake ko gyaran zogale, kuna gefe da gefe. Yara masu nauyin baki sun fi sakewa in ba a ƙura musu ido ba. Ki fara da naki labarin: yau mai kayan miya ya ce tumatur ya yi tsada, na ce masa to ai sai mu koma kuka. Daga nan ki yi tambayar da take da ƙofa: wa kuka zauna da shi a lokacin tara? Wane malami ne ya fi ba ku dariya? Yau wa aka yi wa faɗa, me ya yi? In ya haɗa Hausa da Turanci, ko ya karya wata kalma, ƙyale shi ya kai ƙarshe, ba aji kuke ba.

Ga kuma wani abu da nake roƙonki. In ya saki jiki ya gaya miki abin da bai yi miki daɗi ba, misali ya ɓatar da biro ko an fitar da shi gaban aji, kada ki mayar da hirar zaman shari'a nan take. In duk labarin da ya kawo faɗa yake jawo masa, zai koma "ba komai", kuma yana da hujja. Ki ce "ash, ya ka ji da aka fitar da kai?" ki saurara. Gyaran yana iya jira zuwa bayan Magariba.

Bayan mako biyu ko uku kuna haka, ya fara sakewa da ke, sai ki koya masa darasin da ya rage a fili, kamar yadda kika koya masa alwala. Ki ce masa in babba ya tambaye ka abu, ka amsa, ka ƙara abu ɗaya a kai, in da hali kuma kai ma ka tambaye shi wani abu. Shi ke nan. Ku gwada a ɗaki cikin wasa, ki ce yau ni ce Kawu, na zo daga tafiya.

"Ya makaranta?"

"Lafiya lau, Kawu. Mun fara jarrabawa, gobe lissafi za mu yi."

"To Allah ya ba da sa'a."

"Amin. Kawu, ya hanya? An yi ruwa a wajenku?"

Dubi yadda jimla biyu kacal suka sauya gaisuwar. Ba fitsara a ciki, ba wuce gona da iri, kuma duk kawun da ɗan shekara 9 ya tambaye shi ya hanya zai tafi yana sa masa albarka. Ki tanadar masa 'yan tambayoyin da suka dace da yaro ya yi wa babba: ya hanya, ya jikin, ya su wane, an fara girbi? In baƙon da za a yi kin san shi, ki ba shi haske tun kafin ya iso: "Gwaggo za ta zo, ka tuna ƙafarta na ciwo, ka tambaye ta ya ƙafar." Ki nuna masa kuma cewa tambaya ta biyu daga cikin amsar mutum ake ciro ta. In Gwaggo ta ce ƙafa da sauƙi, na je asibiti, to ga abin tambaya nan: sun ba ki magani? Wannan sauraron shi ke riƙe hira, kuma manya da yawa ba su iya shi ba, suna jiran ka rufe baki ne kawai su faɗi nasu.

Ki koya masa hanyar fita ma. Yara da yawa suna tsoron shiga hira ne don ba su san yadda ake tashi ba, shi ya sa suke sulalewa. "Bari in je in ƙarasa aikin makaranta, a huta lafiya." In ya san yana da wannan a hannu, zai fi yarda ya zauna minti biyu.

Kakarsa kuwa, wallahi dama ce babba kike da ita ba ki sani ba. A al'adarmu babu babban da yaro ke da izinin sakewa da shi kamar kaka. Ita ce mai ce masa mijina, ta ce ya hana ta kuɗin cefane, shi kuma ya ce ta tsufa ya sake ta. Wasan jika da kaka ne, ba wanda zai kira shi rashin kunya. Matsalar waya ita ce ba ya ganin fuskarta, ga ki tsaye a kansa kina jira, ita kuma tana jero masa gaisuwar da amsarta "lafiya" ce. Ki kira ta ke kaɗai tukuna. Ki ce, "Hajiya, mijin naki nauyin baki gare shi, kuma ke kaɗai za ki iya buɗe mana shi. Yana da tattabaru, ki tambaye shi su." Kin ga kin mayar da ita abokiyar aiki, zargin an raba ta da jika ya faɗi da kansa. Shi kuma kafin a kira, ku shirya labari ɗaya da zai ba ta da tambaya ɗaya da zai yi mata. Tambayar da ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ita ce, "Hajiya, da Baba yana kamar ni, wace ɓarna ya fi yi?" Ki miƙa masa wayar ki bar ɗakin. In kiran kai tsaye ya yi masa nauyi da farko, in akwai mai WhatsApp a gidan Hajiya, ya fara da saƙon murya, wanda zai iya gogewa ya sake.

Ƙanwarsa ba laifi take yi ba, taimako take ganin tana yi. Amma muddin tana amsa masa, ba shi da dalilin wahalar da kansa. Kada ki kashe mata baki, ki dai sa doka a gidan ga kowa har da ku manya: wanda aka tambaya shi ke amsawa. In ta yi tsalle ta shiga, ki dafa hannunta ki ce "Yaya aka tambaya, naki na zuwa," kuma ki tabbata nata ya zo. Ita darasinta jira ne da sauraro, kuma shi ma rabin hira ne. Wani lokaci ki ce ta maimaita abin da Yaya ya faɗa kafin ta faɗi nata.

Akwai makarantu biyu na magana da muka gada, waya tana neman rufe su. Ɗaya aike ne. Da, yaro ake tura wa maƙwabciya: ya yi sallama, ya gaida ta, ya ce "wai in ji Mama tana gaishe ki, ta ce ko kin gama da turmin," ya saurari amsa, ya riƙe ta, ya dawo ya isar. Yanzu sai mu danna waya. Ki dawo masa da wannan, zuwa gidajen da kika sani kika yarda da su, da mai shagon layinku. Ki ba shi kuɗi ya sayo albasa, ya tambayi nawa, ya ce a yi masa gyara. Ɗayar kuma hirar dare ce. In an ɗauke wuta, maimakon kowa ya dunƙule a kan waya, ki ce "ga ta nan, ga ta nan ku." Ai ita tatsuniya ba ta ma farawa sai an amsa "ta zo mu ji ta." Ki tsaya a tsakiya ki ce, ku a ganinku me Gizo zai gaya wa Ƙoƙi yanzu? Ku yi kacici-kacici: shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, Baba na ɗaka gemu na waje. Ranar da ya kawo nasa kuka kasa, har ya ce ku ba shi gari, ki kalli fuskarsa. In babansu zai zauna ko minti goma a wannan zama, ya fi duk wata nasiha da zai yi. Kuma in yaron yana miki magana, ki kife taki wayar. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ga yaro ma haka ne.

Maganar da kika yi masa ranar suna, ki gyara ta. Na san zafin rai ne da jin kunyar idon mutane, amma shi abin da ya ji shi ne uwarsa ta tozarta shi a gaban dangi. Ki same shi shi kaɗai ki ce, "Abin da na faɗa maka ran nan bai dace ba, ka yi haƙuri." Ba sai kin yi dogon bayani ba. Daga yau kuma kada a ƙara cewa a gabansa "haka yake, ba ya magana," ko "miskili ne." Yaro yana ɗaukar sunan da aka sa masa ya zauna a ciki. In baƙo ya ce wannan ba ya magana ne, ki ce "yana yi, sai ya saba, tambaye shi tattabarunsa ka ji." In ya yi ƙoƙari, ki yaba bayan baƙin sun tafi, ki faɗi ainihin abin da ya yi: na ji ka tambayi Gwaggo ƙafarta, ta ji daɗi. Yabo a gaban jama'a yana iya sa irinsa ya ƙara noƙewa. Kada kuma ki matsa masa sai ya kalli babba ido cikin ido, kamar yadda ake yawan faɗa a shawarwarin da ke yawo a intanet. A wajenmu yaro ya ƙura wa babba ido ba ladabi ba ne. Ya fuskanci mai magana, ya ɗaga kai daidai yadda za a ji shi, ya isa.

Don hankalin babansa ya kwanta, ku haɗa koyon da iyakokinsa. In manya suna zance ba a katse su, a jira su numfasa. Ba a tambayar babba kuɗinsa ko abin da ya shafi cikin gidansa. Abin da aka yi a ɗakinmu ba labarin waje ba ne. Amma ki bambance masa sarai: in wani, ko waye shi, ya yi masa abin da bai ji daɗi ba ya ce kada ya faɗa, wannan dole ya gaya miki, kuma ba za a doke shi ba.

Abin da kika kwatanta bai yi mini kama da ciwo ba. Duk da haka ki je makarantarsu ki tambayi malaminsa ko yana magana a aji da wajen wasa. In aka ce bakinsa a kulle yake gaba ɗaya a can fiye da wata guda alhali a gida yana yi, wannan tsoro ne mai ƙarfi da ke buƙatar likitan yara ko masanin halayyar yara, ba taurin kai ba ne. Ki lura ko yana yawan cewa "na'am?" a maimaita masa, ko yana ƙure sautin talabijin, ko kunnensa ya taɓa zubar da ruwa, ko ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda, don duk suna iya taɓa ji. In akwai ɗaya daga ciki, ga cibiyar kula da kunne ta ƙasa nan a garinku Kaduna, a gwada jinsa. In i'ina yake ɓoyewa, a daina ƙarasa masa magana, kuma a hana kowa kwaikwayonsa. In kuwa da yana da surutu ne ya yi shiru farat ɗaya, to wani abu ya faru, a makaranta ko Islamiyya ko unguwa, sai ki bi a hankali ki gano.

In babu ko ɗaya, ki sa a ranki cewa wataƙila har ya girma ba zai zama mai yawan magana kamar ƙanwarsa ba, kuma ba shi muke nema ba. Ki ba abin wata biyu zuwa uku. Makon farko tattabaru kawai, ban da gyara, ban da gwaji a gaban baƙi. Kiran Hajiya ya biyo baya, baƙi su zo a ƙarshe. Ki sake rubuto mini bayan nan in ji inda kuka kai, musamman abin da malaminsa ya ce.